Yadda ake kawar da ƙura daga negatif kafin a buga hoto a ɗakin duhu

Ka gama saita na'ura, ka yi gwaji sau uku a kan 'yan guntayen takarda, ka ɗauko cikakkiyar takarda ka haska ta, ka bi da ita cikin magunguna ɗaya bayan ɗaya, sannan ka kunna farar fitila. Hoto ya fito yadda kake so, sai dai ga wani farin zare kwance a kumatun mai hoton kamar tsutsa, ga kuma ɗigo-ɗigo fari a sararin sama. An yi asarar takarda da magani da rabin awa. Abin da ya jawo haka kuwa, da ƙyar ido ke iya ganinsa a kan negatif ɗin, wato wankakken fim da ake buga hoton daga gare shi.

Dalilin a lissafi yake. Firam ɗaya na fim mai milimita 35, faɗinsa milimita 24 ne, tsawonsa 36. Idan za ka buga shi a takarda mai inci 8 da 10, na'urar faɗaɗa hoto, wadda masu sana'ar ke kira enlaja, za ta ninka komai kusan sau 8, kuma ba ta bambanta hoto da datti. Silin gashi wanda kaurinsa bai wuce kashi 1 cikin 10 na milimita ba, yana iya fitowa da kaurin da ya haura rabin milimita, fari tas, tun daga nesa a hango shi.

Kafin ka taɓa komai, riƙe abu guda: ƙura tana fita, karce ba ya fita. Mafi yawan negatif da suka lalace, a hannun mai neman tsabtace su suka lalace, garin neman gira aka rasa ido. Saboda haka aikin tsani ne. Ana farawa da ido, sai iska, sai buroshi, sai ƙyalle, sai sinadari, ruwa ne na ƙarshe. Kowane mataki ya fi wanda ya gabace shi haɗari, kuma duk inda ƙurar ta fita, nan za ka tsaya, ba ka hawa na gaba.

Tabbatar laifin negatif ne

Dubi hoton da ya lalace ɗin, shi zai gaya maka inda matsalar take. Ɗigo fari mai kaifin gefe, ko farin zare a lanƙwashe, ƙura ce a kan negatif: ta tare hasken enlaja, wurin bai samu haske ba, takarda ta zauna fara. Wannan shi ne wanda tsabtacewa ke magancewa. Idan ɗigon baƙi ne, labari ya sha bamban. Ƙurar ta zauna a kan fim ne tun yana cikin kyamara, lokacin ɗauka, ta hana haske isa wurin, da aka wanke sai wurin ya zama kafa fayau, hasken enlaja kuma ya wuce ta ciki ya ƙona takarda. Ko ka kwana kana hurawa ba abin da zai sauya, domin babu abin cirewa, rashi ne. Haka ma tabo mai dishi-dishi, marar kaifi, wanda ke fitowa a wuri guda ko da ka sauya negatif: wannan dattin yana cikin enlaja, za mu zo kansa. Layi miƙaƙƙe da ya bi tsawon fim kuma karce ne.

Sannan ka san fuskokin fim guda biyu, don ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ɗaya tana sheƙi, ita ce bayan fim, roba ce. Ɗayar ba ta sheƙi sosai, ita ce fuskar magani, inda aka shimfiɗa jelatin mai ɗauke da hoton, ƙwayoyin azurfa in fim ɗin baƙi da fari ne, rini in mai launi ne. Idan ka rasa gane su, karanta rubutun da ke gefen fim: in rubutun ya karantu daidai, bayan fim ne ke kallonka. Yawanci kuma fim yana lanƙwasowa ne ta wajen fuskar magani. Baya yana jure ɗan gogawa. Fuskar magani kuwa, duk abin da ya karce ta ya ɗebe hoton ne kansa.

Kayan da za ka tanada

Ba su da yawa. Abin hura iska na roba, irin mai kama da ƙwai wanda ake matsawa da hannu. Wanda kamfanin Giottos ke yi ya yi suna saboda yana shaƙar iska ta baya, ba ta bakin da yake hurawa ba, don haka ba ya haɗiye ƙurar da ya tayar ya sake feso ta. Buroshi mai laushi wanda ke kashe lantarkin gogayya, wato cajin da ke jawo ƙura, kamar na Kinetronics. Gilashin ƙara girma mai ninki 4 zuwa 8. Ƙaramar tocila. Safar hannu. Ƙyallen goge fim marar zubar da zare, irin su PEC-PAD, da ruwan tsabtace fim kamar PEC-12 ko alkohol na aisofurofil. In abin ya kai ga wanki, tataccen ruwa wanda aka tace ta tururi, da maganin zamar da ruwa, Photo-Flo na Kodak ko Ilfotol na Ilford.

A kan safar hannu ina da ra'ayi. Littattafai da yawa suna cewa ta auduga, amma auduga tana zubar da 'yan zarurruka, ka kare fim daga shatin yatsa ka cika shi da zare, an gudu ba a tsira ba. Ta robar naitiril marar hoda ta fi. In kuma babu, wanke hannu da sabulu, ka busar da shi sosai, ka riƙe fim ta gefe da gefe kawai. Hannu tsirara mai tsabta wanda ke jin abin da ya riƙe ya fi safa mai kauri wadda za ta sa fim ya suɓuce ya faɗi ƙasa.

Buroshin nan kuma na fim ne shi kaɗai. Kada ka shafa gashinsa da yatsa don ka ji laushinsa, maiƙon hannu zai hau, daga nan kuma ya koma kan negatif. A cikin murfinsa yake kwana.

Gyara wurin tukuna

Tsabtace fim a wuri mai ƙura aikin baban giwa ne. Goge tebur, da gindin enlaja, da kanta, da ɗanyen tsumma, ba busasshe ba. Kada ka yi shara da tsintsiya kafin aiki, ƙurar da ka tayar za ta daɗe tana yawo a iska tana sauka a hankali, daidai lokacin da ka fito da negatif. In dole ne a share, a yi tun jiya, ko a goge ƙasan da ruwa. Kashe fanka. Rigar ulu ko duk tufa mai zubar da gashi, cire ta.

Akwai kuma abokin gaba wanda ba a gani. Fim roba ne, in ka zare shi da sauri daga ledar ajiya sai ya ɗauki lantarkin gogayya, irin wanda ke sa matajin roba ya ɗauki guntayen takarda bayan an taje kai. Fim mai wannan caji yana jawo ƙura daga iska kamar maganaɗisu, ka hure nan ta sauka can. Abin yana tsananta in iska ta bushe. Danshin iska tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin 100 shi ne daidai ga ɗakin duhu, kuma ƙaramin ma'aunin danshi zai nuna maka inda kake. In ya yi ƙasa sosai, tiren ruwa a buɗe da ɗanyen tawul a rataye suna taimakawa. Zare fim daga leda a hankali, kamar kana tsoron tada mai barci.

Mataki na farko: duba

Kallon negatif kai tsaye a kan haske ba ya nuna ƙura sosai, hoton kansa yana ɓoye ta. Dabarar ita ce haske ta gefe. Rage fitilar ɗaki, riƙe fim ta gefuna, ka haska tocila kusan a kwance da fuskarsa, ka riƙa karkata shi kaɗan-kaɗan a gaban wani abu mai duhu. Kowace ƙwayar ƙura za ta yi ƙyalli kamar tauraro. Yi wa fuska ɗaya, ka juya ka yi wa ɗayar. Abin da ka gani, ɗora gilashin ƙara girma ka tantance: sako-sako yake a sama, ko ya manne? Zare ne, ko tsakuwar yashi, ko jirwayen ruwan da ya bushe, ko shatin yatsa? Yashi shi ne mai haɗari, domin shi ne zai ja layi in ka goge.

Mataki na biyu: iska

Riƙe fim a tsaye, ko ma fuskar da kake hurawa ta ɗan kalli ƙasa, don abin da ya tashi ya faɗi, kada ya koma. Matsa abin hurawar sau biyu a gefe ya fitar da abin da ke bakinsa, sannan ka kawo shi kusa, kamar faɗin yatsu biyu ko uku, a karkace, ba tare da bakin ya taɓa fim ba. Hura gajere-gajere da ƙarfi, daga tsakiya zuwa gefe. Juya, ka maimaita. Sake dubawa da tocila. Sau da yawa a nan aikin yake ƙarewa.

Kada ka hura da baki. Komai tsantseninka, feshin yawu zai fita, ya sauka a jelatin, ya jiƙa ƙurar ta manne. Ƙurar da iska za ta ɗauke a daƙiƙa ɗaya ta koma wadda sai an wanke.

Iskar gwangwani tana da ƙarfi, kuma ana amfani da ita, amma ka san cewa ba iska ce a ciki ba, gas ne da aka matse ya zama ruwa. In ka girgiza gwangwanin ko ka karkata shi, ruwan ne zai feso, mai tsananin sanyi, ya bar tabo a kan fim. In za ka yi amfani da ita, gwangwani ya tsaya cak a miƙe, fim ɗin ne zai motsa. Fesa na farko a gefe, ka bar tazarar kamar taƙi ɗaya, ka danna gajere. Ni dai na fi natsuwa da na roba.

Mataki na uku: buroshi

Abin da ya ƙi tashi da iska, yawanci lantarkin gogayya ne ya riƙe shi. Hure buroshin da kansa tukuna. Ɗora bakin gashinsa kawai a kan fim, ba tare da dannawa ba, ka ja sau ɗaya a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, ka wuce har waje. Kada ka yi kai da komo kamar mai share daɓe, domin saurin gogawa shi ke ƙara cajin da kake son kashewa. Fara da bayan fim, sannan fuskar magani, da hannu mafi sauƙi. Bayan kowace ja, hure buroshin, ka hure fim.

Tsofaffin masu sana'a suna da wani buroshi mai suna Staticmaster, wanda aka saka wa ɗan sinadarin foloniyam 210 a gindin gashinsa. Ƙwayoyin makamashi da yake fitarwa suna sa iskar da ke kusa ta kwashe cajin daga fim. Sai dai ƙarfin wannan sinadari yana raguwa da rabi duk kwana 138, don haka in ka ci karo da tsohonsa a cikin kayan gado, buroshi ne kawai mai laushi, sirrin ya daɗe da tafiya.

Idan ƙwaya ɗaya ce tak ta rage, kana ganinta, ɗauki siririn buroshin zane mai tsini, busasshe, ka ɗan zungure ta daga gefe a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, sannan ka hure. In ta motsa, shi ke nan. In ta ƙi, ta nutse cikin jelatin ke nan, kada ka kai mata farce ko allura.

Mataki na huɗu: ƙyalle da sinadari

Wannan na maiƙo ne: shatin yatsa, da dattin da ya manne a sama. Ba a zuwa nan sai an tabbatar iska da buroshi sun kwashe duk wani yashi, in ba haka ba ƙyallen zai zama takardar gurza katako.

Shimfiɗa ƙyalle mai tsabta a kan tebur, ka kwantar da fim a kai. Ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu na sinadarin a kan wani sabon ƙyalle, ba a kan fim ba. Ƙyallen ya yi danshi kawai, kada ya jiƙe. Riƙe fim ta gefe, ka shafa sau ɗaya a tsawonsa, da nauyin da bai wuce na ƙyallen kansa ba. Ninke shi, ka kawo wuri mai tsabta, ka sake in akwai buƙata. Sinadarin yana bushewa nan da nan. In ya bar hazo-hazo fari, ka zuba da yawa ne, sake shafawa da sabon ƙyalle mai ɗan kaɗan. Buɗe ƙofa iska ta shiga, kuma ka nisanta daga wuta, waɗannan ruwaye suna kamawa.

Game da alkohol, a kula da lambar da ke jikin kwalba. Kamfanin Kodak ya ba da shawarar aisofurofil mai tsarkin kashi 98 ko fiye. Wanda ake sayarwa don goge rauni yawanci kashi 70 ne, ragowar ruwa ne, shi kuwa ruwa yana kumbura jelatin ya tausasa shi, sai ka shiga goge fuska mai taushi da ƙyalle. Kowane sinadari ne, fara gwada shi a kan wutsiyar fim ko firam ɗin da ba ka damu da shi ba.

Jirwayen busasshen ruwa kusan kullum a bayan fim suke, kuma alkohol tsantsa ba ya cika narkar da su, domin gishirin ruwa ne ba maiƙo ba. Kwantar da fim fuskar magani a ƙasa a kan ƙyalle mai tsabta, ka ɗan taɓa wani ƙyallen da tataccen ruwa, ka shafa wurin kawai, a bayan kawai, kada danshin ya zagaya gefe. Wannan ya fi dacewa da fim mai milimita 35. Fim mai lamba 120 da manyan falle-falle galibi suna da siririn jelatin a bayansu ma, wanda ke hana su nannaɗewa, saboda haka a kansu gara a sake wanki gaba ɗaya.

Mataki na biyar: sake wanki

Ƙurar da ta sauka lokacin da fim ke rataye yana ɗanye, ita ce mafi taurin kai. Jelatin ya bushe a kanta ya riƙe ta. Hanya ɗaya ce: a sake jiƙa shi ya buɗe ya saki.

Zuba tataccen ruwa a tire mai tsabta, zafinsa kusan digiri 20 a ma'aunin Salshiyos. Ruwa mai ɗumi yana sa jelatin ya yi laushi fiye da kima, sauyin zafi na farat ɗaya kuma yana iya sa shi ya yamutse. Saka yankin fim ɗaya kawai, fuskar magani a sama. In ka saka biyu, kusurwar ɗaya za ta karce ɗaya. Bar shi minti 5 zuwa 10, kana ɗan girgiza tiren lokaci-lokaci. Sau da yawa dattin zai taso da kansa. In bai taso ba, a cikin ruwan, ba a waje ba, ka shafa wurin da tsokar yatsa mai tsabta, shafa mafi sauƙi da hannunka zai iya. Sau ɗaya ko biyu. In ya ƙi, ka haƙura, za a gyara a takarda.

Daga nan sai ruwan ƙarshe: tataccen ruwa da maganin zamar da ruwa. Photo-Flo 200 da Ilfotol duka ana haɗa su kashi 1 cikin 200, wato mililita 5 a lita ɗaya. Kada ka ƙara, yawansa shi ma jirwaye yake bari, masu aiki da yawa ma ragewa suke yi. Juya a hankali kada ya yi kumfa. Tsoma fim kamar rabin minti zuwa minti ɗaya, ka ɗago, ka rataye ta kusurwa da maƙali a inda babu hoto, a ɗan karkace don ruwa ya gangara ta gefe. Kada ka matse ruwan da yatsu ko da abin matsewa na roba. Na taɓa ja wa fim guda layi tun daga firam na farko har na ƙarshe da irin wannan abin matsewa, saboda ƙwayar yashi ɗaya da ta maƙale a bakinsa, tun daga ranar ban sake ɗaukarsa ba.

Wurin shanya shi ne rabin aikin. In babu akwatin busar da fim, banɗaki ya wadatar: sakar ruwan zafi na 'yan mintuna tururi ya cika ya kwantar da ƙurar iska, ka rataye fim, ka rufe ƙofa, kada kowa ya shiga na awa 3 ko 4. Leƙawa don ganin ko ya bushe ita ke shigo da ƙura. Kada ka sa fanka ko na'urar busar da gashi, harba wa ɗanyen jelatin datti kawai za su yi.

Idan negatif mai launi ne, na tsarin wanki mai suna C-41, ruwan ƙarshensa daban ne. A gama da ruwan ɗauraya na ƙarshe da ke zuwa cikin kayan wankinsa, domin yana ɗauke da abin da ke kare jelatin daga fumfuna.

Akwai kuma negatif da ba a kai su ruwa sam. Wanda fumfuna ta kama, za ka ga zare-zare kamar saƙar gizo a cikin fuskar magani, jelatin ɗinsa ya riga ya ruɓe, yana iya narkewa a ruwa hoton ya bi shi. Wannan sai busasshiyar hanya da alkohol tsantsa. Haka tsohon fim mai warin ruwan tsami, ko wanda ya yi kumburi, ko yake ɓarewa. Fim da aka yi kafin farkon shekarun 1950 kuma yana iya zama na naitiret, mai saurin kama wuta. Duba gefensa, wani lokaci an rubuta NITRATE, wanda ba shi ba kuma an rubuta SAFETY. Irin waɗannan a hure su kawai, a ɗauki kwafinsu, sauran aikin na masu adana kayan tarihi ne.

Enlaja da mariƙin negatif

Ka tsabtace fim ka saka shi a mariƙi mai datti, ka koma gidan jiya. Mariƙi marar gilashi fuska biyu kawai za ka kula da su, na fim ɗin. Mai gilashi sama da ƙasa yana kwantar da fim sosai, hoto ya yi kaifi har kusurwa, amma fuskoki sun zama shida, kuma duk ƙurar da ke kan kowace tana kusa da inda lens ya saitu. Goge gilasan da ƙyallen lens, ka hure, ka duba su da tocila kamar yadda ka yi wa fim. Tabbatar sun bushe sarai, domin danshi tsakanin gilashi da bayan fim yana jawo zobba masu launin bakan gizo, waɗanda ake kira zobban Newton. Don maganin su ne ake yin gilashin sama na musamman mai ɗan kaushin da ido ba ya gani.

Don gano dattin cikin na'ura, cire negatif, ka shimfiɗa farar takarda a gindi, ka kunna fitilar enlaja, ka tsuke ƙofar lens zuwa f/16, ka riƙa juya abin saita kaifi sama da ƙasa. Duk tabon da ya bayyana, na gilasan kwandensa ne, masu tattara hasken fitila, ko na matacin haske da ke saman fim. Kashe, ka bari ta huce, ka fito da su ka goge. Hure cikin zugar fatar da ke tsakanin mariƙi da lens, nan ƙura ke taruwa tana zubowa duk lokacin da aka motsa.

Nau'in na'urar ma yana da tasiri. Enlaja mai kwandensa tana turo haske a miƙe, kowace ƙura da kowane karce sai sun yi inuwa mai kaifi. Mai baza haske, irin kawunan enlaja da ake buga hoto mai launi da su, tana turo shi ta kowace kusurwa, sai hasken ya zagaya ƙananan lahani ya dushe su. In kana da zaɓi, kuma negatif ɗin tsoho ne da ya sha wuya, kai shi ga mai baza haske.

Duban ƙarshe

Wannan shi ne matakin da ake yawan tsallakewa, kuma shi ne mafi arha. Saka fim a mariƙi, fuskar magani tana kallon ƙasa wajen lens. Kunna fitilar enlaja, ka ɗan ɗaga kanta ko ka riƙe mariƙin a karkace cikin hasken da ke fitowa, ka kalli saman fim daga gefe. Ƙurar da ta sauka cikin daƙiƙun da ka yi kana sakawa za ta yi ƙyalli. Hure sama, hure ƙasa, ka zura mariƙin nan take, a hankali, ka rufe. Buɗe lens gaba ɗaya ka dubi hoton a kan allon da ake ɗora takarda, musamman wurare masu launi ɗaya lumui, sararin sama, bango, fatar fuska. A allo ƙura baƙa take fitowa. A cikin ganyaye ko ciyawa za ta ɓace, a goshin mutum kuwa ba ta ɓoyuwa. Bayan gwajin farko, kunna farar fitila ka duba takardar da kyau kafin ka ɗauko babba. In ka fitar da mariƙin saboda kowane dalili, sake duban daga farko.

Ƙananan karce a bayan fim suna da tsohuwar dabara: a shafa ɗan maiƙon gefen hanci da yatsa a wurin, ya cike ramin, haske ya wuce ba tare da ya watse ba. Akwai ruwan da aka yi don haka, kamar No-Scratch na Edwal. Yana aiki, amma a bayan fim kawai, kuma a goge shi da sinadari da zarar an gama bugu, in ba haka ba ya zama tarkon ƙura.

Duk da wannan, ɗigo ɗaya ko biyu za su tsira, har a wurin ƙwararru. Su ake cikewa a kan busasshiyar takarda da rinin gyaran hoto da buroshi mai lamba 000. Ana tsarma rinin da ruwa har ya fi launin wurin haske, a share buroshin a wata takarda har ya kusa bushewa, sannan a riƙa ɗiga ƙananan ɗigo da tsininsa, ba a ja layi, ana bari ya sha kafin a ƙara, har farin ya saje da ƙwayoyin hoton da ke kewaye. Baƙin ɗigo kuma, ana rufe kafar a bayan negatif da ɗan rini mai toshe haske don ya fito fari a takarda, sannan a cike shi kamar sauran.

Da ka gama bugu, hure negatif sau ɗaya, ka mayar da shi ledarsa kafin ka shiga wanke tire. Ledar ta zama ta foliyetilin, ko folifurofilin, ko foliyesta, ko takardar gilasin da aka yi don ajiyar fim, ban da PVC, wadda ke fitar da sinadarai masu ɓata shi a hankali. Ita ma ledar hure cikinta kafin ka zura fim, domin ƙwayar yashi ɗaya a bakinta za ta karce duka firam shida yayin shiga. Sannan ka ja murfin leda ka rufe enlaja.